Sari ko Awo: Lissafin Buhu a Ƙasar Zango

Magidanta a ƙasar Zango kashi biyu ne wajen ciyar da gida. Akwai mai awo, wanda kullum ko duk ranar kasuwa zai miƙa kuɗin tiya biyu ko uku a auna masa. Akwai kuma mai sari, wanda yake haƙuri ya tara, ranar Lahadi ya shiga motar Mai'aduwa ya dawo da buhu a ɗaure. Kowa ya san mai awo ne yake biyan ribar mutane da yawa: ta dillali, ta mai mota, ta babban ɗan kasuwa, sannan ta mai tebur da ya auna masa. Saboda haka jama'a suka ɗauka duk wanda ya sayi buhu ya ci riba. Ba kullum haka take ba. Sau da yawa mai buhu yana asara bai sani ba, domin asarar tasa ba a kasuwa take faruwa ba, a hanya take farawa ta ƙarasa a cikin ɗaki.

Yadda abin yake a Amurka

A ƙasashen Turawa an mai da sarin magidanta wata sana'a mai zaman kanta. A shekarar 1976 wani ɗan kasuwa mai suna Sol Price ya buɗe kantin Price Club a birnin San Diego na Amurka, cikin wata tsohuwar rumfar ajiye jiragen sama. A 1983 aka buɗe Costco a Seattle, a shekarar ce kuma kamfanin Walmart ya kafa nasa mai suna Sam's Club. Price Club da Costco sun haɗe a 1993. Ƙa'idar waɗannan kantuna ita ce ba a shiga sai da kati, katin kuwa biyansa ake yi duk shekara. Tun daga watan Satumba na 2024 ƙaramin katin Costco dala 65 ne.

Abin da mai kati yake samu shi ne farashin da ya kusa na kamfani. Kantin Costco ba ya tara kaya barkatai, nau'in abin da yake sayarwa bai fi 4,000 ba, amma kowanne a katan-katan yake fita, ribar da ake ɗorawa kuma kaɗan ce, don babban kason ribar kamfanin daga kuɗin katin yake fitowa. To, wanda ya biya dala 65 amma rangwamen da ya samu a shekara bai kai haka ba, kantin ya yi wa aiki. Haka wanda ya kwaso katan na abinci don ya ga arha, rabi ya lalace kafin a ci.

Babu irin wannan kanti a Zango, babu a Daura. Amma dabarar da aka gina shi a kanta, wato mutane da yawa su haɗa ƙarfin aljihunsu su sayi abu a farashin sari, tsohuwa ce a ƙasar Hausa.

Watanda ba ta nama kaɗai ba ce

Idan Salla ta ƙarato, mutanen unguwa ɗaya ko ma'aikatan ofis ɗaya sukan haɗa kuɗi su sayi sa, a yanka a kasa, kowa ya ɗauki kasonsa. Naman watanda ya fi na teburin mahauci auki, wannan ba ya buƙatar gardama. Abin mamaki shi ne mutanen da suka yarda da juna a kan sa guda, idan aka zo batun gero da shinkafa da man girki sai kowa ya kama gabansa.

Gida biyar ko goma za su iya yin watandar kayan abinci. A zaɓi mutum biyu da aka yarda da amanarsu, ɗaya ya riƙe kuɗi, ɗaya ya riƙe littafi, kada a haɗa wa mutum guda. Hatsi a neme shi a kasuwannin kusa, irin ta Mai'aduwa, ko a hannun manoman ƙauyuka da kaka. Sukari da taliya da sabulu da man gyaɗa na jarka kuwa, tushensu kasuwar Singa ce a Kano, kamar yadda kasuwar Dawanau take uwa ga harkar hatsi. Mutum ɗaya da zai bi ta Kazaure har Kano don katan biyu, kuɗin mota ya cinye rangwamen tun kafin ya sauka. Idan kayan gida goma ne, sai kuɗin motar ya rabu goma.

Rabo shi ne inda zumunci yakan ɓaci. A raba a gaban kowa, ranar da kaya suka iso, da tiya ɗaya, hannu ɗaya kuma ya yi awon daga farko har ƙarshe. Wanda bai cika kuɗinsa ba kafin tafiya, a bar shi sai wani zagaye. Watandar da aka fara da “zan cika idan an yi albashi” ba ta cika kaiwa zagaye na uku ba.

A yi lissafi kafin a shiga mota

Ga misali, da kuɗin da aka ƙaddara don a gane hanya kawai, tunda farashi kullum sauyawa yake. A ce buhun gero mai tiya 40 naira 40,000 ne a kasuwa, wato tiya ta faɗi a 1,000, alhali mai awo na bakin titi yana sayarwa 1,150. Da ganin haka mutum zai ce ya tsira da naira 6,000. To a ɗora kuɗin motarsa zuwa da dawowa 2,000, kuɗin ɗauko buhun 2,000, ɗan dako 500, la'adar dillali 500, da buhun ajiya 2,500. Kuɗi ya tashi 47,500, tiya ta koma kusan 1,190. Ya riga ya wuce farashin mai awo. Idan kuma aka sheƙe aka fitar da ƙaiƙayi da tsakuwa ya rage tiya 38, to kowace tiya ta tsaya masa a 1,250.

Wannan ba ya nufin a daina sari. Abin da yake nunawa shi ne ribar da ke tsakanin buhu da tiya a rana ɗaya ƙarama ce, ɗan abu kaɗan yake share ta. Babbar riba a lokaci take: a saya da kaka sa'ad da sabon hatsi ya cika kasuwa, a ci da bazara da tsakiyar damina sa'ad da rumbuna suka yi ƙasa.

Shi ma wannan yana da togaciya. Zango a bakin iyakar Nijar take, farashinta kuma yana sauraron abin da ke faruwa a Magarya da Matamaye. Idan saifa ta yi ƙarfi a kan naira, masu saye daga Nijar suna shigowa kaya su tashi. An rufe iyakoki a watan Agusta na 2019, an sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin watan Yuli na 2023, ba a buɗe ba sai a watan Maris na 2024. A watan Oktoba na shekarar gwamnatin Nijar ta hana fitar da hatsi zuwa waje, ban da Mali da Burkina Faso. Kowanne daga cikin waɗannan ya taɓa farashi. Sannan bayan tsananin tsadar 2024, a 2025 hatsi ya sauko, waɗanda suka ci bashi suka tara buhuna suna jiran tashi suka kwana a ciki. Wanda ya saya gwargwadon cin gidansa, ko farashi ya faɗi, abincinsa yana nan zai ci. Mai bashi ne ya rasa tudun dafawa.

A bakin buhu

Mai saye kada ya ji kunyar bincike. Saman buhu kullum kyakkyawa ne. A nemi a zura hannu ko a soka ƙarfen ɗibar samfur a tsakiya da gindi, a zuba a tafin hannu, a hura, a duba ƙura da yashi da ƙwayar da ta huje. Idan da hali a juye a sake aunawa a gabansa, domin buhuna ba girmansu ɗaya ba, tiya ma wata an bubbuge gindinta. Dillali zai ce, “Haba Malam, ba ka yarda da ni ba ne?” Amsa mai sauƙi ce: “Na yarda da kai, Alhaji, amma kuɗin na mutane ne, ni ma tambayata za a yi.” Ɗan kasuwar kirki ba ya fushi da wannan, ya san abin da Suratul Muɗaffifina ta tanadar wa masu tauye mudu.

Sai bushewa. Sabon hatsi mai danshi yana da nauyi yana da auki a ido, bayan wata guda ya sauka, in an yi rashin sa'a ya yi fumfuna. Tsofaffi da haƙori suke gwadawa: busasshiyar ƙwaya tana fashewa da ƙara, mai danshi kuwa lanƙwamewa take yi. Malaman gona suna koyar da wata hanyar: a sami kwalba busasshiya, a zuba hatsin da ɗan busasshen gishiri, a rufe a girgiza, a bari na ɗan lokaci. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, hatsin yana buƙatar ƙarin shanya. Wannan ya fi muhimmanci ga gyaɗa da masara, saboda fumfunarsu tana haifar da gubar afalatoksin mai lalata hanta, dahuwa kuma ba ta kashe ta.

Ajiya

Wake ne ya fi ba da wahala. Ƙwaro yana biyo shi tun daga gona, a cikin 'yan watanni buhu guda ya koma ramuka da gari. Don gudun haka wasu suke yayyafa masa fiya-fiya ko Sniper, wasu su jefa ƙwayar Phostoxin cikin buhu su ajiye a ɗakin da yara suke kwana. Wannan ganganci ne da rai. Ƙwayar iskar guba take fitarwa, ba a yi ta don ɗakin kwana ba. Ragowar irin sinadarin da ke cikin fiya-fiya ce ta sa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya ƙasashenta a 2015, hukumar NAFDAC ma ta sha yin gargaɗi a kai.

Akwai mafita da ba ta buƙatar magani ko kaɗan. Buhun PICS, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro tare da takwarorinsu na Afirka, aka fara yaɗa shi a 2007, rufi uku gare shi: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. Kafin a zuba, a hura kowace leda a matse a tabbatar ba ta huje ba. A zuba busasshen wake, a girgiza ya zauna, a matse iskar da ke sama, a murɗe bakin ledar farko a lanƙwasa a ɗaure tamau. A yi wa ta biyu haka ita kaɗai, sannan a ɗaure na waje. Ƙwarin da ke ciki suna shaƙe 'yar iskar da ta rage, daga nan su mutu. Jarka mai murfi mai kyau ko duro yana yin wannan aikin idan an cika shi har baki. Sharaɗin dai kada a riƙa buɗewa kullum. Abin da za a ci a wata a ware shi daban tun farko. A ɗora buhuna a kan katako, a janye su daga jikin bango, a toshe ramukan ɓera, don haƙori ɗaya ya isa ya ɓata ledar.

Ba kowane kaya ne yake son daɗewa ba. Gero da dawa da shinkafa da sukari da gishiri da sabulu suna jure watanni. Garin masara da fulawa kuwa ƙwari suna shiga da wuri, mai yana sauya wari idan zafi da rana suka same shi, albasa tana ruɓewa, madarar gari da taliya suna da ranar ƙarewa a jikin katan, a karanta kafin a biya. Kayan da aka karyar da farashinsu fiye da ƙima, yawanci a wannan ranar dalilin yake.

Bayan an kai gida

Akwai asarar da ba a cika faɗa ba saboda kunya. Gidan da ake awo, tiya biyu ake dafawa don ita ke nan. Ranar da buhu ya shigo sai hannu ya sake, a ɗebi uku, tuwo ya kwana a zubar wa kaji, yara su ɗiba su kai wa mai alewa. Buhun da aka yi wa lissafin wata uku ya ƙare a biyu. Maganin abin shi ne maigida da uwargida su zauna su yanke abin da za a riƙa fitarwa a mako, da kwano ɗaya sananne, gidan da ke da mata fiye da ɗaya kuma a auna wa kowace ranar girkinta daidai. Kyauta ga maƙwabci da ɗan'uwa ba ɓarna ba ce, alheri ne, sai dai ya kamata a ware mata kasonta tun ranar da aka sauke kaya, yadda za a bayar da daɗin rai ba a taɓa abincin yara ba.

Wasu kuma suna ɗari-ɗari da ajiya don gudun shiga sahun masu ɓoye abinci. Malamai sun bambance tsakanin biyun. Tanadin abin da iyali za su ci halal ne, ya ma tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan tanadar wa iyalinsa abincin shekara. Abin da aka hana shi ne kwashe abinci daga kasuwa lokacin da jama'a suke cikin buƙata, a kulle ana jiran ya yi tsada. Masu watanda su kiyaye wannan iyaka: su saya da kaka sa'ad da kaya suka wadata, gwargwadon bakunan da ke gidajensu, su rubuta ranar da aka ɗaure kowane buhu a jikinsa, a fara cin wanda ya riga shigowa.