Rassan Sarƙa da Shanye Girgiza a Cikin Soso: Nazari Daga Dandin Mahe

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa hawa kabu-kabu daga Dandin Mahe zuwa Boɗinga, ko ya shiga motar haya zuwa Shagari, ya san bambancin da ke tsakanin kujerar da ke cilla mutum sama da zarar taya ta faɗa rami, da wadda ke karɓar bugun ta haɗiye shi. Duka biyun soso ne a cikinsu, kuma galibin irin wannan soso da sinadarin foliyuritan ake yin sa. Iskar da ke cikin ramukan soso tana da nata tasiri, amma maƙasudin wannan maƙala shi ne bayyana rawar da wasu ƙananan rassa na jikin sinadarin ke takawa wajen shanye girgiza.

2.0 Asalin Sinadarin da Ƙirarsa

Wani masani Bajamushe, Otto Bayer, shi da abokan aikinsa ne suka fara harhaɗa foliyuritan a shekarar 1937. A Nijeriya kuwa, kamfanin Vitafoam da aka kafa a 1962 yana cikin waɗanda suka yaɗa katifar soso, har ta shiga sahun kayan ɗakin amarya.

Ruwa iri biyu ake haɗawa, watau foliyol da aisosayanet. Idan suka gamu, sai ƙwayoyinsu su kama juna baki da baki, su zama dogayen sarƙoƙi waɗanda ido ba ya gani. In an sa ɗan ruwan sha a haɗin, sai iska ta fito ta kumbura shi kamar yadda ƙullun masa ke tashi. Kowace sarƙa tana da gaɓoɓi masu laushi da ke miƙewa, da masu tauri da ke manne wa juna su riƙe ginin.

3.0 Aikin Rassa

Reshe ɗan guntun sarƙa ne wanda kansa ɗaya ke ɗaure a jikin uwar sarƙa, ɗayan kuma yana reto. Idan nauyi ya faɗo wa soso, sarƙoƙin sukan zame a kan juna. In sumul suke, sai su koma mazauninsu nan take, su mayar wa fasinja bugun da suka karɓa. In kuwa suna da rassa, rassan sukan sarƙafe maƙwabtansu, su goga, su jinkirta komawar. Wannan guga ita ke mayar da ƙarfin bugun ya zama ɗan ɗumi ya watse. Mai jan ruwa a rijiya ya san haka, domin igiyar guga takan ɗumama tafin hannu idan ta zame da sauri.

Har ila yau, ba duk rassa ne halinsu ɗaya ba. Reshe dogo mai laushi yakan buɗa fili tsakanin sarƙoƙi, su sami sararin motsi. Gajere mai kauri kuwa yakan tokare, ya hana uwar sarƙa juyawa.

4.0 Tasirin Zafi da Sanyi

Man shanu yakan daskare da hunturu, ya saki da bazara. Foliyuritan ma yana da wata gaɓa ta zafi wadda a ƙasa da ita yake ƙagewa, a sama da ita kuma ya yi laushi kamar danƙo. A daidai wannan gaɓa ne ya fi shanye girgiza, saboda sarƙoƙin suna motsi, amma da ƙyar. Rassa masu laushi sukan saukar da gaɓar, masu kauri su ɗaga ta, gauraya su kuma takan faɗaɗa ta. Alal misali, soson nan mai jinkirin komawa, wanda aka ƙirƙira a 1966 domin hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, yakan yi tauri a ɗaki mai sanyi, ya saki da ɗumin jikin mai kwanciya.

Nan ne batun ya shafi ƙasar Sakkwato, inda zafin rana kan haura digiri 40 a watan Afrilu, daren hunturu kuma ya sauka ƙasa da 20. Soson da aka auna gaɓarsa da yanayin Jamus yana iya rasa ƙarfin shanye bugu a tsakar ranar bazara, lokacin da direba ya fi bukatarsa.

5.0 Zurma

Abin sha'awa shi ne, shukar da ke ba da irin waɗannan rassa tana fitowa da kanta a bakin juji da kufai a ƙasar Hausa, watau zurma. Man zurma foliyol ne tun daga halittarsa. Kusan kashi 90 cikin 100 na kitsensa iri ɗaya ne, mai jerin ƙwayoyin kabon 18, kuma mahaɗarsa tana kan ƙwaya ta 12. Saboda haka, idan aka ƙulla shi da aisosayanet, sai ƙwayoyi 6 su rage suna reto a matsayin reshe. Amma kowane allazi da nasa amanu. Reshe ba ya ɗaukar nauyi, don haka in rassa suka yi yawa sai soson ya raunana, ya lotsa, ya kasa tashi.

6.0 Kammalawa

A taƙaice, an ga cewa guntun da ke reto shi ke shan wahalar bugu a madadin ƙashin bayan matafiyi, kuma aikinsa ya danganta ga tsawonsa, da yawansa, da zafin wurin. Ya kamata masu nazarin kimiyya a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo su gwada soso da ma'aunin bazarar Sakkwato, masu nazarin harshe kuma su daidaita kalmomin fannin, domin mai ɗinkin kujera a Dandin Mahe ya san abin da zai tambaya kafin ya biya kuɗinsa.