Addu'a da Fartanya: Yaya Za Mu Kori Yunwa?

Tambaya: Ni dattijon ikilisiya ne a yankin Madobi. Duk tsakiyar damina gwauraye da marayunmu suna kwana da yunwa, baikon ranar Lahadi kuwa ba ya isa. Muna da 'yar gona kusa da ruwa. Me za mu yi?

Amsa: Baba, sannu da ɗawainiya. Allah ya riga ya ba ku rabin amsar, domin tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974 ruwanta ke shayar da gonakin Kura, Bunkure da Kadawa har cikin rani.

Ku ma ku haɗa gayyar noman rani a gonarku, matasa da Zumuntar Mata, amma kada ku zuba duk ƙarfinku a tumatir. Wanda ya ga kwanduna jibge a kasuwar Kwanar Gafan lokacin da kaya ya yi yawa ya san yadda farashi ke karyewa, kuma tsutsar da ta ci tumatir a 2016 ta nuna gona na iya ƙarewa cikin kwanaki. Ku fi ba masara da shinkafa ƙarfi. Rarar tumatir a yanka a shanya.

Sannan ku bi dabarar Yusufu a Masar: rumbu. Da kaka kowane gida ya kawo hatsi kwano biyu, a ɗaure a buhun da iska ba ta shiga, a buɗe a watan Yuli. Mai ƙarfi ya ranta ya mayar ba ƙari, marayu a ba su kyauta. Mutum uku su riƙe lissafi.

Kada ku manta maƙwabtanku Musulmi; ku sanar da mai unguwa. Yunwa ba ta tambayar addini.