Yadda Ake Haɗa Ƙaramar Na'urar Aika Murya Ta Rediyo

Kowa ya san akwatin rediyo, amma ba kowa ya san yadda murya take isa cikinsa ba. Wannan darasi don ɗalibai ne da malamansu, domin su haɗa 'yar ƙaramar na'urar aika murya da hannunsu, su kuma san iyakar da bai kamata a ƙetare ba.

Yadda murya take tafiya

Muryar mutum ba ta nisa ita kaɗai, sai an aza ta bisa igiyar lantarki mai saurin kaɗawa, kamar yadda ake aza kaya bisa raƙumi. Wannan ita ce igiyar dako, tana kuwa gudun kilomita 300,000 cikin daƙiƙa guda. Idan murya ta yi ƙarfi sai ƙarfin igiyar ya ƙaru, idan ta yi ƙasa sai ya ragu. Wannan dabara ita ake kira AM. Akwatin rediyo yana kama igiyar, ya sauke kayan, watau murya, ya bar raƙumin. A watan Disamba na 1900 wani mutumin Kanada, Reginald Fessenden, ya aika da magana ta iska nisan wajen mil guda a Amurka.

Kayan aiki

Na farko, osilata mai kilohaz 1,000, watau 'yar ƙwaryar ƙarfe mai ƙafa huɗu wadda take kaɗa lantarki sau miliyan guda kowace daƙiƙa. Na biyu, ƙaramar taransifoma ta sauti mai naɗin waya biyu, ɗaya om 8, ɗaya om 1,000. Na uku, batirin tocila 3 a jere, watau bolt 4.5. Na huɗu, waya yadi guda don eriya. Sa'an nan wayar hannu ko wani abin da ke ba da sauti.

Yadda ake haɗawa

A ɗauko waya daga kan batir mai alamar +, a bi da ita ta naɗin om 1,000, a kai ta ƙafar osilata mai karɓar wuta. A haɗa gindin batir da ƙafar ƙasa, a ɗaura eriya a ƙafar fita. Ƙafa ta huɗu a bar ta. Takardar da ta zo da osilata tana nuna kowace ƙafa, lalle a duba ta, gama juya wuta yana iya ƙona ta. Daga nan a shigar da sauti ta naɗin om 8. To, sautin nan shi zai riƙa ƙara wutar da ke isa osilata yana rage ta, ƙarfin igiyar dako kuwa ya bi shi.

Gwaji

A ajiye akwatin rediyo kusa, a murɗa shi zuwa kilohaz 1,000 a matsakaicin zango, watau mita 300. Za a ji sautin. A ɗauki akwatin a yi ta ja da baya, a auna inda murya ta ɓace. A ƙara sauti fiye da kima, za a ji murya ta dagule, domin kaya sun fi ƙarfin raƙumi. Daga bisani a koma gajeren zango, a nemi kilohaz 3,000 da 5,000. Nan ma za a ji muryar, ko da yake ba can aka aika da ita ba.

Abin lura

Gwajin nan na ƙarshe shi ne muhimmi. Na'ura irin wannan ba ta da matata, saboda haka tana zuba igiyoyi a zangon da ba nata ba. Kilohaz 3,023 kuwa, dab da 3,000, an keɓe shi ga jiragen sama da na ruwa masu aikin ceto. Da gajeriyar eriya ɓarnar ba ta wuce ɗaki, amma wanda ya tsawaita eriya ko ya ƙara wa na'ura ƙarfi yana iya shiga hakkin mutanen da bai taɓa gani ba.

Lokacin da jirgin ruwa Titanic ya nutse a 1912, saƙonnin iska sun cakuɗe har jaridu suka buga cewa mutanen ciki sun tsira, aka kuwa zargi masu koyon rediyo. A shekarar nan Amurka ta kafa dokar da ta wajabta lasin. A Nijeriya ma Dokar Wayar Iska ta 1961 ta hana aiki da tashar aika saƙo ba tare da lasin ba, watsa shirye-shirye ga jama'a kuwa sai da izinin Hukumar Kula da Gidajen Rediyo da Talabijin, wadda aka kafa a 1992.

Saboda haka malami ya nemi izinin hukuma kafin aji ya fara gwaji. Kada eriya ta wuce yadi guda, kada a haɗa na'urar da wutar gida, kada kuma a ɗaga waya kusa da turakun lantarki. Idan an gama a cire batir. Iska ta kowa ce, rigakafi kuwa ya fi magani.