Oga ne ya hana ni barci

Masu sauraro, wasiƙarmu ta farko a yau daga Tunga, nan Minna, ta fito, wata baiwar Allah ce ma'aikaciya, ta ce a sakaya sunanta. Ta ce aikin bai fi ƙarfinta ba, amma ogansu yana da 'yan lele: su ake turawa kwas, su ke cin alawus ɗin tafiya, ita kuwa ba a tunawa da ita sai an yi kuskure. Yanzu barci ya ƙaurace mata, tun daren Lahadi kanta ke fara sarawa. Tana tambaya, ko raki take yi?

Hajiya, ba raki ba ne. A Ingila, tun 1985 ake bin diddigin lafiyar ma'aikatan gwamnati sama da 10,000. Wani rahoton binciken da ya fito a 2005 ya nuna mazan da suka shaida cewa shugabanninsu na yi musu adalci, haɗarin ciwon zuciya ya ragu musu da kusan kashi 30 cikin ɗari. Jiki yana jure yawan aiki in mutum ya san ƙa'ida ɗaya ce a kan kowa. Abin da ke cin rai shi ne ki fito gida da safe ba ki san da wace fuska oga zai tarbe ki ba, ko wa ya kai gulmarki jiya.

A 2024 Gwamna Umaru Bago ya amince da Naira 80,000 a matsayin mafi ƙarancin albashi a jihar Neja. Madalla, kuɗin Keke daga Chanchaga zuwa Bosso ma ya isa dalili. Sai dai albashi ba ya wanke wulaƙancin da aka yi wa mutum a gaban abokan aikinsa.

Ki fara da asibiti, a auna miki jini, don hawan jini ba ya sallama. Sannan ki riƙa rubuta abin da ya faru da kwanan wata, ki nemi ganin ogan, ku biyu kaɗai, cikin ladabi. In bai canja ba, akwai ƙungiyarku ta ma'aikata, akwai kuma Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda aka kafa a 1975, tana da ofis nan Minna, kuma ba a biyan ko kwabo.

Ku kuma iyayen gidanmu da ke jin mu a mota, ku duba jerin waɗanda kuka tura kwas bara, ku ƙirga sau nawa suna ɗaya ya maimaitu.