Yadda Yis Ke Kare Kansa Daga Tsami

Yau ina so in yi muku bayani a kan yis, watau abin nan da masu burodi ke sa wa ƙullu don ya kumbura. Yis abu ne mai rai, amma ƙwayarsa ɗaya ba ta ganuwa sai da madubin likita. A 1996 masana suka gama karanta ƙwayoyin gadonsa, suka tarar sun kai wajen 6,000.

To, abin da nake so ku riƙe shi ne, ba dukansu ke aiki lokaci ɗaya ba. Waɗansu barci suke yi, sai an tashe su.

Ga misali. In yis ya sami kansa cikin ruwan khal, tsamin yakan ratsa fatarsa ya shiga ciki, ya nemi ɓata masa aiki. Nan da nan wani famfo da ke jikin fatar, ana kiransa Pma1, sai ya dinga fid da tsamin waje, kamar mai kwalekwale yana kwarfe ruwa. Sa'an nan wani sinadari mai suna Haa1 ya shiga cibiyar ƙwayar, ya tashi ƙwayoyin gado masu yawa, su kuwa su sa a ƙera kayan tsaro. Masana a Lisbon ta ƙasar Fotugal ne suka nuna wannan aiki nasa a 2005.

Me ya sa yis ba ya zama da shirinsa kullum? Domin kwarfar nan tana cin ƙarfi ƙwarai. Abincin da zai yi girma da shi, shi yake ƙonawa wajen tsaro.

Sanin wannan yana da amfani. Masu yin man mota daga karan masara suna neman yis mai jimrin tsami, gama karan yakan saki tsami in an dafa shi. Masu lemon kwalba kuwa so suke tsami ya kashe yis, kada kayansu su lalace.

Ku gwada wa yaranku a aji. Ku zuba ruwa mai ɗumi da sukari da yis a kwalabe biyu, ku ƙara khal cokali uku a ɗaya, ku ɗaura balan-balan a bakin kowace. Bayan awa ɗaya ku tambaye su wace ta fi kumbura, da dalili.