Yadda Ake Kwance Babban Ƙunshi a Kwamfuta

A zamanin nan takardun ƙasa, kamar jerin gonaki da taswira da hotunan taro, sukan iso ofishin hakimi a matse cikin ƙunshi guda, irin wanda ake kira ZIP. Sau da yawa malami yakan je kwancewa kwamfuta ta ƙi, sai ya ce ƙunshin ya lalace, alhali kuwa lafiyarsa lau. Kafin a mai da ɗan aike daga Dabawa zuwa Dutsin-Ma neman wani, ga abin da ya kamata a duba.

Na fari, wuri. Ƙunshi kamar damin auduga yake, da an kwance sai ya kumbura. Lalle a ga akwai fili a kwamfutar fiye da girmansa nesa ba kusa ba.

Na biyu, filash. Da yawansu suna zuwa da tsarin FAT32, wanda ba ya karɓar fayil guda da ya kai gigabayit 4, ko da babu kome a ciki. Rumbu ne babba mai ƙaramar ƙofa. Maganinsa a kwance ƙunshin cikin kwamfutar kanta, ko kuwa a sāke wa filash tsari zuwa NTFS, ko exFAT wanda Microsoft ya fitar a 2006. Amma a lura ƙwarai, sāke tsari yana share dukan abin da ke ciki. Sai an juye kome a wani wuri tukuna, gama in jerin gonaki ya ɓace, rigimar iyaka ce za ta tashi.

Na uku, manhaja. ZIP na asali bai wuce gigabayit 4 da fayil 65,535 ba, sai a 2001 aka faɗaɗa shi da ZIP64. Tsohuwar manhaja ba ta gane wannan. A sa 7-Zip, kyauta ce.

Na huɗu, Gmail ba ya ɗaukar abin da ya wuce megabayit 25, saboda haka akan yanka ƙunshi gunduwa-gunduwa, masu lamba 001, 002 har ƙarshe. A tara su wuri ɗaya, sa'an nan a buɗe na farko. In guda ta ɓace, ba za ya kwantu ba.

Ana roƙon hakimai, na ƙasar Yandaka da ta Maraɗin Kurfi da sauransu, su sa malamansu su riƙa ajiye ƙunshin asali har sai an tabbata kome ya fito daidai.