Wane Littafin Almara Za a Saya wa 'Yar Shekara Goma?

Iyaye a Gwarzo da Kabo, idan 'yarku ta kai shekara 10 zuwa 12 kuma tana son labarin aljanu da tafiya sararin samaniya, kada ku hana ta. Ku dai zaɓa mata.

Ku fara da Magana Jari Ce na Abubakar Imam. Labaran da aku ke ba Musa ɗan sarki gajeru ne, yarinya za ta gama ɗaya bayan isha'i ba ta yi hamma ba. Daga nan sai Ruwan Bagaja na 1934, sannan Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa.

Wanda aka fi mantawa shi ne Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, wanda ya fito a 1969, shekarar da mutum ya taka wata. A cikinsa, wani yaro mai suna Kilba ne aka ɗauka zuwa sararin sama. A ganina, shi ne littafin da zai sa yarinya ta fara tambayar malamin kimiyya abin da ke riƙe da taurari.

Matsalar ɗaya ce: jaruman duk maza ne. In tana jin Turanci, a nemo mata Zahrah the Windseeker na Nnedi Okorafor, labarin yarinya mai tashi sama.

Dare Dubu da Ɗaya kuwa, a jinkirta. Akwai zantukan manya a ciki. Haka littattafan yaƙi da soyayya da ake yaɗawa ta WhatsApp. Duk wanda ya shiga Kano sayen littafi, ya karanta babin farko kafin ya biya.